MuseScore da tsoffin waƙoƙin koral: abin da take iyawa kafin a kai maɗaba'a

Shugabannin koral a Yamai da ɗaliban solfej (karatun rubutun kiɗa), irin na cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, sun san takaicin takardar waƙar da aka yi wa fotokofi sau goma: layuka biyar sun koma huɗu, diyez, alamar ɗaga nota, ya zama kamar kashin ƙuda. Mafita ita ce a sake rubuta waƙar, kuma manhajar da ta fi sauƙin samu don wannan aiki ita ce MuseScore. Kyauta ce, tana da Faransanci, in an sauke ta ba ta bukatar intanet. Zubi na 4, wanda ya fito a Disamban 2022, ya fi na 3 tsara shafi, sai dai ya fi shi nauyi. Tsohuwar kwamfuta sai ta yi nishi.

Inda ake gane ƙarfinta shi ne waƙoƙin majami'a na Turai na ƙarni na 16. A bugun wancan zamani, wanda mai buga littattafai Petrucci ya buɗe wa hanya a Benis a 1501, kowace murya daban ake rubuta ta, babu sandunan da ke raba waƙa awo-awo, kuma cikin mabuɗai, wato alamun farkon layi da ke nuna sunan kowace nota, na do sun fi yawa. Mai aikin ne zai jera muryoyin huɗu a shafi ɗaya. A nan manhajar ba ta da laifi: duk tsoffin mabuɗan suna ciki, tana nuna iyakar kowace murya a farkon layi, kuma tana iya rage tsawon notoci zuwa rabi a lokacin liƙa abin da aka kwafa, tunda yawanci sai an rage tsawon na da kafin mawaƙan yau su karanta cikin sauƙi. Sandunan ma ana iya sa su tsakanin muryoyi kawai, kada su yanka waƙar.

Rauninta yana wajen diyez da bemol (alamar saukar da nota) ɗin da mai gyara ya ƙara da kansa. Ƙa'ida ita ce a sa su ƙanana a saman nota, don mai karatu ya bambanta su da na asali, to wannan aikin hannu ne, ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma tarkon da manhajar ba za ta faɗakar da kowa ba. A tsohon bugu diyez na notar da ke gabansa ne kawai, ko wadda ta maimaita ta nan take; a rubutun yau kuwa yana aiki har ƙarshen awo. Wanda ya kwafa ido rufe zai ɗaga fa na biyu da bai kamata ya ɗaga ba.

Sauraren abin da aka rubuta yana taimakawa, amma kada a dogara da shi. Kunne zai kama muryar da ta goce gaba ɗaya saboda an ɗauki mabuɗin do na layin farko a matsayin na sol. Ba zai kama gaɓar kalmar da ta zauna ƙarƙashin wata nota ba, ko sol bemol a gurbin fa diyez. Waɗannan sai a takarda. A fitar da bugun gwaji mai lambar awo a farkon kowane layi, mutum biyu su zauna, ɗaya na karanta asalin da ƙarfi, ɗaya na bi da jan bik, murya ɗaya tun daga farko har ƙarshe kafin a taɓa ta biyu. Notoci zagaye ɗaya, kalmomi zagaye ɗaya. Bayan gyara a sake bugawa, domin gaɓa ɗaya da aka ƙara tana iya tura awo zuwa wani shafi.

In an sa fassarar Hausa a ƙarƙashin Latin, a gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun a shafin farko. Salon haruffan da ba shi da su yakan aro daga wani, sai ka ga ƙ ta fi ƴan'uwanta kauri. Charis SIL da Gentium suna da su duka.

Sauran ɓarnar a maɗaba'a take faruwa. PDF kawai za a kai, kuma a gaya wa mai injin ya buga a girmansa na asali, kada ya bari injin ya daidaita da shafi. Tsayin layuka biyar ɗin kusan milimita 7 ne, daidai idon mai waƙa a tsaye; in aka rage, na sahun baya ne za su sha wuya. Baƙi zalla za a nema, don baƙin da aka haɗa da launuka huɗu yana sa siraran layuka su yi inuwa. Ɗan littafin da za a naɗe daga A3 a ɗinke tsakiya dole shafukansa su rabu huɗu-huɗu, 12 ko 16 ko 20, kuma a duba kada juya shafi ya faɗa tsakiyar jimla. Takarda mai giram 80 tana nuna notocin baya ta gaba. A nemi ta 90 ko 100, a kuma karɓi kwafi ɗaya a rera shi daga farko zuwa ƙarshe kafin a ce a buga sauran.