Darasin waya na dattawa a shagon caji: abin da ya yi kyau da inda aka yi sake

A wani ƙauye kusa da Malam Madori akwai shagon cajin waya mai amfani da sola, inda mai shagon yake tara dattawa bayan la'asar yana koya musu intanet a wayoyinsu. Daren Juma'a kuma, bayan isha'i, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagon a yi hira da tatsuniya, ana ɗauka a waya.

Abin da ya fi burgewa shi ne da murya ake fara koyarwar. Yawancin masu zuwa da ajami suka saba, harafin boko yana ba su wahala, don haka darasin farko saƙon murya ne a WhatsApp: a danna alamar makirfo a riƙe, a yi magana, a saki. A nan ake yawan tuntuɓe. Dattijo yakan ɗaga yatsa tun kafin ya gama sallama, sai saƙo ya tafi guntu. Maganinsa a ja alamar sama ta kulle, sai mutum ya yi maganarsa a natse. Hannun da ya sha fartanya kuma yana da kanta, ga bushewar hunturu, gilashin ba ya jin taɓawar sosai. Sai ka ji yaron shago yana cewa, “Baba, da cikin yatsa za ka taɓa, ban da farce.” Kafin komai masu shagon suna ƙara girman rubutu, su kuma sa hoton kowane ɗa ko jika a kan lambarsa.

Wajen data ma sun yi tunani. Suna kashe saukar bidiyo da hoto da kansu, domin shi ke cinye data cikin dare mutum bai sani ba, washegari ya ce kamfani ya yi masa sata. Lambobi huɗu ake haddacewa, kuma tun 2023 iri ɗaya ne a MTN, Airtel da Glo: *310# duba kuɗi, *311* da lambar kati da # sa kuɗi, *312# sayen data, *323# duba ragowarta.

Zaman dare shi ke riƙe darasin. Wanda ya iya tura murya ranar Talata, shi ake miƙa wa waya ranar Juma'a ya ɗauki mai ba da labari. Da an ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” yara su amsa “Ta zo mu ji ta,” sai Gizo da Ƙoƙi. In yara sun watse, manya su shiga tarihi: yaƙin Haɗejia da Turawa a 1906 da Sarki Muhammadu ya yi shahada, da zamanin da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru yake kwasar gyaɗa. Da safe a tura wa ’ya’yan da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal.

Sai dai ɗaukar ba ta da inganci. Ana ajiye wayar a kan tabarma nesa da mai magana, iska da ƙarar babur su danne murya. Kamu ɗaya tsakanin baki da waya ya isa, a juya wa iska baya. Mafi muni, duk muryoyin a waya ɗaya suke, ba a kwafe su a memori ba. Ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan, sai abin da aka riga aka tura wa ’ya’ya.

Akwai sakaci a sirri kuma. Ana faɗa musu kada su ba kowa lambobi shida da WhatsApp ke turowa, ko BVN, ko da mai kira ya ce daga banki yake, amma ana koyar da tura kuɗi a bainar jama'a, yara na leƙen lambar sirri. Wannan darasi na mutum ɗaya ne, a keɓe.

Mata kusan babu su a zaman, alhali tatsuniya a bakin tsofaffin mata take. Ba za su zauna a ƙofar shago cikin maza ba. Sai an samu budurwa da ta iya waya tana shiga gida-gida da hantsi, kuma har yanzu shagon bai yi wannan tanadi ba.