Hattara da mai tallar kwalaben okid a Facebook

Jama'a, akwai wani mutum da ke tallar tsiron furen okid a cikin kwalba, wai a ɗakin gwajinsa yake tsirar da su daga iri. Macuci ne. Kwalba ashirin na biya, kuɗin duka a dunƙule, kwalba ashirin, kuma ko ɗaya babu okid a ciki.

Kada wani ya ce min garaje na yi. Na san irin okid kamar ƙura yake, ba shi da abincin da zai rayar da tsiron, shi ya sa a daji sai naman gwari (dangin funfuna) ya ciyar da shi kafin ya tsira. Tun 1922 masanin tsirrai Lewis Knudson ya nuna ana iya tsirar da shi a kwalba, kan agar (wani abu mai daskarewa kamar jeli) da sukari da sinadarai, muddin ƙwayar cuta ba ta shiga ba. Sai da na gwada mutumin nan. Na tambaye shi zafin da yake dafa kwalaben, ya ce digiri 121 a tukunyar matsin tururi. Na ce wane haɗi yake zubawa, ya ce Knudson C, wato haɗin abincin tsiro na Knudson ɗin nan, ko gargada babu. Wa zai ji haka ya yi zargi? Har yau amsar nan tana min yawo a kai.

Da kayan suka iso, rabi sun yi funfuna har bakin murfi. Sauran kuwa wasu tsirai ne zaƙo-zaƙo masu ganye biyu, har da baƙin ɓawon iri maƙale a kan ganyen. Okid ba ya fara haka, ɗan ƙullutu kore yake fara yi, sai an yi watanni ganye ya leƙo. Ciyawa ya shuka min a kwalba! Af, kafin nan ma sai da ya ƙara karɓar kuɗin aikawa, ko kuma bayan ya turo min wani bidiyo ne, yana wanke iri da ruwan bilic, hannu cikin safar roba. Bidiyon ma ashe na wasu ne ya sato. Ina tura masa hoton funfunar ya toshe ni.

Hirarmu duk tana wayata, da shaidar biyan kwalba ashirin ɗin, zan ɗora anjima. Kada ku biya kowa sai ya nuna muku kwalbar kai tsaye ta kiran bidiyo.