Batirin sola a cikin mota: tubula ko litiyam

Wa alaikumus salam Alhaji. Tun jiya na ga tambayarka kan batirin da za ka sa wa Hiace ɗin da ka cire wa kujeru ka shimfiɗa gado da fanka da ɗan firji, wai tubula (babban batirin nan mai ruwan asid) ko litiyam, to ina kan hanyar Koko sabis na ta yankewa shi ya sa sai yanzu.

Litiyam za ka saya. In kana sauri ka tsaya nan ma ya isa. Amma tun da na ga wasu a ƙasa suna ta ce maka tubula guda biyu ya fi sauƙin kuɗi, bari in gaya maka abin da na gani a tawa motar, don ni duka biyun na ɗanɗana.

Ka san maganin dabbobi nike sayarwa, ina zagayen kasuwanni, Jega, Argungu, Kamba, wani lokaci har Yauri, kuma rigakafin kaji ba ya son wasa, tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi, in ya ɗumama ya tashi aiki ko da kwalbar tana nan lafiya lau. Don haka ni firji ba na shan ruwan sanyi ba ne kawai, jarina ne a ciki. Da farko tubula 220Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne) guda biyu na sa, kowanne ya kusa kilo 60, mu uku muka ɗora su. Motar ta zauna ta gefe ɗaya kamar mai ciwon ƙugu. Wata bai cika biyu ba gargada da ramuka suka fara fito da ruwan asid ta murfi, ya cinye kafet, ya huda mini sallaya, da na ɗaga katakon sai na tarar bodi ya fara tsatsa. Ga ƙarin ruwan batir da kullum sai ka tuna, a zafin Kebbi kuwa shanye shi yake kamar raƙumi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma sai daga baya wani mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, ya gaya mini, cewa in yana caji yana fitar da iska mai kama wuta, ni kuwa ina nan na rufe gilashi na kwanta kaina kusa da shi. Allah ne dai ya tsare.

Ba zan zalunce shi ba, a gida inda zai zauna wuri ɗaya a ɗaki mai iska tubula na aiki, kuma in ya mutu 'yan gwangwan na sayensa da daraja. Iyakar abin da zan iya faɗi kenan a kansa.

Shi kuwa litiyam ɗin, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4 a jiki nike nufi, ba irin na waya ko na kwamfuta ba, wannan ka lura da rubutun sosai don shi ne ba ya saurin kama wuta. Ranar da na karɓo shi da hannu ɗaya na ɗauko shi daga shago, 100Ah bai wuce kilo 12 ko 13 ba, har na ce wa yaron shagon anya ba kwali ka ba ni ba. Daren da ya shiga raina a Yauri ne cikin watan Afrilu, ka san yadda zafin bakin kogi yake, ga gumi ga sauro, babu wuta a gari ko'ina duhu. Na faka a tasha, na kunna fanka tun bayan isha'i, firji na ta aikinsa, direbobi uku suka kawo wayoyinsu na sa musu caji, wani dattijo mai sayar da kifi ya roƙi in ajiye masa maganin ciwon sugansa a firji na ajiye. Na kwanta ina jiran in ji fankar ta fara jan ƙafa wajen ƙarfe uku kamar yadda tubula ya saba mini, wallahi har aka kira assalatu gudunta bai sauya ba. Na duba cajin batirin ta waya saura kashi 30 da wani abu. Dattijon nan da safe ya kawo mini ƙullin busasshen kifi, na ce a'a ya ce sai na karɓa, har yau in na shiga Yauri sai ya neme ni.

Kuma maganar wai tubula 200 ya ninka litiyam 100, a takarda ne kawai. Lissafa da kanka: 200Ah sau volt 12 ya ba ka wat-awa 2,400 (wato wat 2,400 na awa ɗaya), amma rabi kawai za ka ci in kana son ya yi rai, in kana shanye shi ƙarƙaf kullum ba zai daɗe ba, wato 1,200 ke naka. Litiyam 100Ah sau volt 12.8 wat-awa 1,280 ne, kuma kana iya cin kashi 80 zuwa 90 ba ya jin komai. Ka ga kusan kunnen doki suka yi, ɗaya kilo 60 ɗaya kilo 13. Sannan litiyam na shan caji da sauri, ranar da kake da ita a kasuwa ta ishe shi, shi ko tubula ƙarshen cajinsa jan rai gare shi, yawanci magariba na yi bai cika ba, gobe ma haka, a haka yake mutuwa a tsaye. Wajen daɗewa kuwa litiyam mai kyau ana lissafa masa caji da sauka dubbai, tubula bai kama ƙafarsa ba. Tsadar ranar saye ce kawai ke da zafi, ban musa ba, na ji ta a jikina.

Nawa kayan a kwana ɗaya: fanka mai DC wajen wat 20 na awa tara, firji a bazara yakan ci wat-awa 600 ko sama, ƙwan fitila da wayoyi ka ce 100. Ya tasam ma 900. Wato 100Ah na kai ni amma da ƙyar, ranar da hadari ya rufe a watan Agusta sai na kashe fanka don firji ya rayu. Kai in aljihu ya yarda ka ɗauki 200Ah guda ɗaya ka huta, da faifan sola na wat 400 a kan kariyar saman mota, da kwantirola, na'urar da ke daidaita caji daga faifan zuwa batir, irin MPPT mai amfiya 30 ko 40. A saita ta a kan litiyam, cajinsa volt 14.2 zuwa 14.6 ne, kar a bar ta a saitin tubula. Inbata kuwa, mai mayar da wutar batir irin ta gida, in ba dole ba ka rabu da ita, ka nemi fanka da firji masu 12V kai tsaye, ita kanta inbatar ci take ko ba ka jona komai ba.

Abu biyu da masu haɗawa ke yawan yin ganganci. Na ɗaya za su ce bari mu ja waya daga batirin mota ya riƙa caji in kana tafiya, kar ka yarda a haɗa kai tsaye, litiyam zuƙa yake ba ƙoshi, zai gasa maka altaneto, na'urar da ke cajin batirin mota, a tsakiyar hanya. Akwai ƙaramar caja da ake kira DC-DC, ita ake sawa tsakani. Na biyu fiyus, a sa shi dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, kuma waya mai kauri ta jan ƙarfe, duk inda za ta ratsa bodi a sa mata roba don girgiza na yanke ta a hankali. Sannan ka tuna injin yawancin Hiace ƙarƙashin kujerar gaba yake, kar a ajiye batir a bayan direba inda zafi ke tasowa, can baya ƙarƙashin gado, a ɗaure shi da bel ya kama sosai, a bar masa inda iska za ta shiga. Zafi shi ne abokin gabarsa, motar da ke rufe a rana a watan Maris ko Afrilu tanda ce.

Baka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da masu sayarwa. Kasuwar nan ta cika da tsofaffin ƙwayoyin batir da ake tattarowa a zuba a sabon akwati a manna sitika mai sheƙi. Wani abokin sana'ata ya saya an rubuta 200Ah, awa huɗu bai riƙe fanka da firji ba, da ya koma mai shagon ya ce ai kai ka yi masa lodi, magana ta ƙare a wurin. Ka nemi wanda ake dubawa ta waya da Bluetooth, a buɗe a gabanka ka ga sau nawa aka taɓa cajinsa da ƙarfin kowace ƙwaya. Ka sa a ɗora shi a sikeli, 200Ah na gaskiya ya haura kilo 18, in ka ji shi sakayau ka ajiye musu kayansu. Garanti a rubuce a rasit da lambar batirin, ba wai "Alhaji ai ni da kai ne" ba. Faifan ma haka, na wat 400 na gaskiya tsawonsa ya kai mita 1.7, faɗi mita ɗaya da ɗoriya, in an nuna maka ɗan ƙarami an rubuta 400 ƙarya ce, ka tafi da tef ɗinka. Tubula ma ba su bar shi ba, wanke tsoho suke su sake masa ruwa su ce sabo ne.

In hunturu ya shigo ka ajiye tsumma da ɗan tsani a mota, ƙura na rufe faifan cikin kwana biyu ka yi ta zargin batir a banza. Kuma don Allah kwanan mota a tasha ko cikin gari, ka san halin da hanyoyinmu ke ciki. In ka tashi haɗawa ka yi mini magana, ranar da nike Birnin Kebbi sai ka zo ka leƙa tawa ka ga yadda aka ɗaure shi.