GParted: wuƙar da ba ta yanka sai ka ba ta izini

Tun da Microsoft ta daina sabunta Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, tsohuwar laftof ɗina kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar Windows 11, sai na ce bari in ɗora mata Linux Mint, wani tsarin gudanar da kwamfuta irin Windows, a gefe, su zauna kamar kishiyoyi, kowacce da ɗakinta. Wurin yanka ɗakin ne na yi amfani da GParted, manhaja ce ta kyauta mai rarraba faifan ajiyar kwamfuta zuwa yankuna, tana ma cikin filashin da ake ɗora Mint da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinta. Ka rage wannan yanki, ka goge wancan, ka ƙirƙiri sabo, ba ta taɓa komai. Jera umarnin kawai take yi a ƙasa har sai ka danna koriyar alamar nan ta amincewa. Sau biyu ina zaɓar yankin da ba shi ba, don a nan sunayen yankunan ba C da D ba ne kamar a Windows, sai sda1 da sda2, kuma sau biyun ina janyewa lafiya lau.

Faifaina mai giga 500 ne, amma 465 ta nuna. Ba sata ba ce, bambancin lissafi ne. Matsalar gaske ita ce faifan na tsohon tsari ne, MBR, wanda ba ya karɓar manyan yankuna fiye da 4, kuma duk a cike na same su. Dole na kwashe kayan ɗaya na goge shi, sannan na samu filin ext4, wato tsarin ajiyar fayiloli na Linux. Masu sabon tsarin faifai, GPT, ba su san wannan wahala ba.

Sai gangancina. Maimakon in rage yankin Windows ta dama in tsaya, sai na ja shi gefe don ya yi kyau a ido. Matsar da yanki kwashe bayanai ne ɗaya bayan ɗaya, ya ci kusan awa 3. Ana tsaka da haka aka ɗauke wuta, batirin kuma ba ya kai minti 40. Haka na rungumi laftof a buɗe na ruga shagon mai caji, gabana na faɗuwa. GParted ta yi mini gargaɗi tun farko, ni ne ban karanta ba.

Na ba ta 9 cikin 10. Amma ka kwafe hotunanka tukuna, ka kashe Fast Startup (mai saurin kunna Windows) da BitLocker (mai kulle faifai) a cikin Windows, kuma ranar da babu tabbacin wuta kada ka fara.