Stanley Matthews ko Tom Finney: wa ya fi wani?

Ɗan'uwa da ka tambaya cewa cikin Matthews da Finney wanene gwanin Ingila na gaskiya bayan yaƙin duniya na biyu, tunda kullum sunan Matthews kake ji, to ga yadda nake kallon abin. A suna Matthews ya yi gaba nesa ba kusa ba, amma in kulob ɗina ne aka ce in ɗauki ɗaya, Finney zan ɗauka.

Su biyun 'yan gefe ne, kuma lamba bakwai suke so dukkansu, shi ya sa aka daɗe ana rigima a kansu. Matthews an haife shi 1915 a Stoke, babansa mai aski ne kuma ɗan dambe. Finney an haife shi 1922 a Preston, yaƙi ya cinye masa ƙuruciya don sai da ya tuƙa tankar yaƙi, ya yi Masar ya yi Italiya, bai fara buga gasar lig ba sai 1946 yana ɗan shekara 24.

Matthews abu ɗaya ya iya amma ya iya shi har ƙarshe. Zai taho da ƙwallo a hankali kamar ba ya sauri, ya zo dab da mai tsaron baya, ya karkata jiki kamar zai shiga ciki, da mutum ya bi sai ya fizge ta waje da ƙafar dama ya wuce, sannan ya ɗago wa na tsakiya ita a ka. Kowa ya san abin da zai yi kuma ba a iya hana shi. Amma cin ƙwallo ba nasa ba ne, wasa 54 ya buga wa Ingila ya ci 11. Finney kuwa wasa 76 ƙwallo 30, a lig ya ci wa Preston 187. Bahago ne amma damar ma tana aiki, yana bugawa da ka, in an sa shi dama ya yi, hagu ya yi, har lamba tara ya riƙe daga baya. Saboda haka ne ma Ingila take tura shi hagu ta bar wa Matthews dama, kamar wasan da suka lallasa Fotugal 10 da nema a 1947.

To me ya sa sunan Matthews ya fi tashi? Na farko wasan ƙarshe na kofin FA na 1953. Bolton na gaba da ci 3 da 1, Blackpool, kulob ɗin Matthews a lokacin, ta farke ta ci 4 da 3, Matthews yana shekara 38 shi ya dinga yanka ta gefe har ya ba Bill Perry ta ƙarshen. Abin dariya abokin wasansa Mortensen ne ya ci uku rigis a ranar amma har yau da sunan Matthews ake kiran wasan. Shekara na zagayowa Finney ya samu tasa damar, Preston ta je wasan ƙarshe da West Brom aka ci su 3 da 2, shi kuma ranar ƙafa ta ƙi. A lig ma 1953 makin Preston ɗaya da na Arsenal, lissafin ƙwallaye ya raba su Arsenal ta ɗauki kofin. Haka ya yi ritaya a 1960 ba babban kofi ko ɗaya.

Na biyu daɗewa. Matthews ba giya ba taba, ga kula da abinci ga gudu kullum da sassafe, shi ya fara cin Ballon d'Or a 1956 yana shekara 41 gaban Di Stefano, ya koma Stoke a 1961, ya buga wasansa na ƙarshe a babban lig a 1965 yana da shekara 50 cif. A shekarar aka ba shi sarautar Sir, Finney sai 1998 ya samu tasa. Kuma Matthews ya yi yawo, 'yan'uwanmu na Gana za su iya tuna cewa ya je can a 1957 ya buga wa Hearts of Oak har aka yi masa naɗin sarkin ƙwallo, daga baya ya koyar da yara a Soweto.

Finney kuwa gida ya zauna. Aikin famfo ya koya tun yana yaro kuma bai bari ba ko da ya yi suna, don lokacin akwai dokar da ta ƙayyade albashin ɗan ƙwallo, ba a soke ta ba sai 1961 lokacin tana fam 20 a sati. A 1952 Palermo ta Italiya ta zo masa da fam 10,000 kuɗin sa hannu kawai, ban da albashi da gida da mota, shugaban Preston ya ce ba inda za shi, zamanin ɗan wasa ba shi da ta cewa, haka ya haƙura ya koma kan famfonsa. Ni wannan ya fi ba ni haushi a labarinsa wallahi.

Wajen hali ba a raba su, duk dukan da suka sha a ƙafa ba wanda alƙalin wasa ya taɓa rubuta sunansa ko ya kora. Gwarzon shekara na 'yan jarida ma biyu-biyu suka yi, Matthews 1948 da 1963, Finney 1954 da 1957.

In kana son ka gane nauyin da Finney yake ɗauka shi kaɗai, duba abin da ya faru bayan tafiyarsa, kakar da ta biyo baya Preston ta faɗa rukuni na biyu a 1961 kuma tun daga lokacin ba ta sake hawowa babban lig ba.