Inkscape ko Illustrator: wanne ya fi sauƙin saitawa kafin a fara zane?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana zana tambari da katin gayyata, yana son sanin wanne ya fi sauƙin saita takarda da wurin aiki tsakanin Inkscape da Illustrator. Ɗan'uwa, amsar tana rataye ne da inda zanenka zai ƙare: allon waya ko injin ɗab'i.

Illustrator, wanda Adobe ya fitar tun 1987, a harkar ɗab'i ya tashi. Kana buɗe sabuwar takarda zai ba ka damar zaɓar girma, da tsarin launi, ko RGB na allo ko CMYK na tawada, da rarar gefen da ake bari saboda yanka, wadda galibi milimita 3 ce. Inkscape kuwa kyauta ne, ya fito a 2003, kuma da SVG yake aiki, wato nau'in fayil ɗin zane na intanet, don haka launinsa na allo ne. Da Shift+Ctrl+D kake saita girma da ma'auni. Siga ta 1.2 ta kawo shafuka da yawa a 2022, ta 1.3 ta ƙaro rarar gefe, amma har zuwa 1.4 ba ya fitar da PDF na CMYK da kansa, sai an bi ta Scribus, wata manhajar tsara shafuka don ɗab'i. Duk wanda ya taɓa ganin shuɗi yana walƙiya a allo, ya je karɓar kati ya tarar da shi dishi-dishi, ya san zafin wannan. In dai katin gayyata ne za a buga da yawa, Illustrator ya fi rage maka wahala.

Abin da nake so ka fi kula da shi shi ne ma'auni, domin a nan mutane suke yawan tafka asara. Illustrator yana ƙirga fiksel, wato ɗigon hoto a allo, 72 a inci guda, Inkscape yana ƙirga 96 tun daga siga ta 0.92. Ka ga ke nan tambarin da ka zana faɗinsa milimita 100 a Illustrator, in ka fitar da shi SVG ka buɗe a Inkscape, yana iya komawa 75. Ido ba zai nuna maka ba, sai injin yanka ya gama cin kayan. Ka riƙa aiki da milimita, kuma duk fayil ɗin da ya ƙetara daga wannan manhaja zuwa waccan, ka auna shi kafin ka taɓa komai.

Wajen jera wurin aiki, Illustrator ya yi gaba. Kana iya tsara allunan launi da na rubutu yadda hannunka ya saba, ka adana tsarin da suna, in ya hargitse ka dawo da shi da dannawa ɗaya. Inkscape yana tuna yadda ka bar shi ne kawai, sai dai yana da abin da nake ƙauna ƙwarai: ka saita takarda sau ɗaya, da girmanta da layukan jagora, ka adana ta a matsayin samfurin farko, kullum da ita zai buɗe.

Sai kaurin layi. Idan za ka ƙanƙanta tambari, ka tabbatar layin zai ragu tare da shi, in ba haka ba zai fito kamar an zana da gawayi. A Illustrator saitin yana cikin Ctrl+K, a Inkscape ɗan maɓalli ne a sandar sama idan ka ɗauki kibiyar zaɓi. Ga tambarin da zai zauna a intanet, Inkscape ya ishe ka, ka fara da shi.