Sensar da ake binnewa cikin kankare: abin da na gani a dekin ɗinmu na Arkilla

Masu gini a Sakkwato, musamman mai shirin zuba dekin cikin bazara, ga ra'ayina kan sensar nan da wasu kamfanoni sunka fara kawowa. Injiniyanmu ne ya haɗa mu da wani kamfani, sunka zo da ita kafin ranar zubi. Ƴar ƙarama ce, ana ɗaure ta jikin rodi da waya, a zuba kankare a kanta, shi ke nan ta zauna ciki har abada, tana auna zafin cikin kankaren tana turo ma wayar hannu ta bulutut, manhajar kuma ta lissafa maka ƙarfin da ya kai.

Abin da ya sa na ce ta yi shi ne zafin garin nan. Kowa ya san Afrilu da Mayu rana tana wuce digiri 40, ga siminti shi ma zafi yake fitarwa in yana kamawa, to sama ta bushe da wuri ciki bai nuna ba, sai ka ga tsaga-tsaga kamar ƙasan fadama da rani. Mu da yamma munka zuba, amma washegari da azahar layin da ke nuna zafin kankaren a kan wayar ya miƙe sama sosai, nan take injiniya ya sa yara sunka jiƙa buhunan algarara sunka shimfiɗa, aka ƙara ban ruwa safe da rana da marece, kana tsaye kana kallon layin yana saukowa. Wallahi wannan kaɗai ya gamsar da ni, don da can ban ruwa sai yadda lebura ya ga dama.

Sai rigimar cire katako. Kafinta yana matsa mana wai yana da wani aiki a Mabera yana son falankinsa da gorarsa, injiniya ya nuna mishi waya ya ce malam ba yanzu ba, magana ta mutu. Ƙa'ida dai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare, a kwana 7 yana kai wajen kashi biyu cikin uku, amma da sensa kana bin naka ne kullum.

Inda ban ji daɗi ba, tsada ce da farko tunda ba a ciro ta a sake aiki da ita, kowane zubi sai sabuwa. Bulutut ɗin kuma sai ka zo kusa da ginin yake kamawa, in kana son gani daga gida sai ka ƙara sayen wani akwati mai sim. Sannan ba su yi mana bayani sosai tun farko ba cewa dole a kai samfurin haɗin kankarenka lab, wato ɗakin gwaji, a matse shi a ga ƙarfinsa a saita manhajar da shi, kuma ko simintin Kalambaina ka saya mai kyau, in masu kwaɓi sunka ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, lissafin ya tashi aiki, don ita zafi kawai take ji.

Mai bene ko shaguna ko makaranta ina ba shi shawara ya sa, amma ya tambayi kuɗin lab ɗin tun wurin ciniki. Mai ɗaki biyu da rufin kwano bai buƙatarta, ya sa kuɗin a rodi da ruwan tanka.